Ƙullin da Ban Kwance Ba

Ni ban taɓa shiga aji ba. Ko na yaƙi da jahilci da aka buɗe wa matan unguwarmu ban leƙa ba. Amma a Ƙofar Durbi in aka ce tsohuwa mai tatsuniya, ba a tambayar wace ce. Yaran da suka zauna a tabarmata, yau wasunsu da furfura, wasu sun je Makka sun dawo, amma in mun haɗu a gidan suna har yanzu sai su rusuna su ce, "Hajiya, wai ina yarinyar nan ta ƙare?" Ni kuwa in yi dariya in ce su gaishe da gida.

Yarinyar da suke tambaya ta cikin wata doguwar tatsuniya ce da na gada a wurin kakata. Ɗiyar marini ce, zanenta ya suɓuce ya faɗa rijiyar rini, ta bi shi, sai ta iske wani gari a ƙarƙashin ƙasa inda komai shuɗi ne, har nonon shanunsu. Ba a gama ta a zama ɗaya, ga waƙoƙi a ciki, kowace ƙofa da yarinyar za ta wuce da tata waƙar. Ƙarshenta kuwa mutum ɗaya ake ba. Cikin jikokin kakata duka ni ta zaɓa, ni ma na riƙe ina jiran wanda zan ba.

Kakata ta haɗa mini tatsuniyar da doka guda: ba a yi da rana. Wanda ya yi, da wanda ya saurara, ɓata za su yi, su fita gida su kasa gane hanyar komawa. Malamai sun ce camfi ne, na kuma yarda camfi ne, amma bakina bai taɓa buɗewa ba sai an yi sallar isha'i. Akwai makari, in ta kama dole. Ana cewa ɗaure gizo: a zari ciyawa ɗaya daga jinkar ɗaki a ƙulle ta, ba a kwancewa sai an kai ƙarshen labari. Kakata ta ce wannan aikin marasa haƙuri ne. Ni ma haka na ɗauke shi, har na tsufa ban taɓa ƙulla ko ɗaya ba.

To, sai Allah ya ba ni jika. Ɗiyar ɗana na fari ce, wanda ba na kama sunansa, ita kuma sunana aka sa mata, don haka Takwara nake ce mata. Da aka yaye ta aka kawo mini, kamar yadda aka saba. Babanta ma'aikacin gwamnati ne, gidansu can GRA, ga fanka ga firji, amma in an kai ta hutu kwana kaɗan take yi ta fara kukan a maido ta wurin tsohuwarta.

Tun tana 'yar mitsitsiya ta fita daban da sauran yara. Su in ana tatsuniya shiru suke yi, baki buɗe. Ita kuwa sai ta ɗaga hannu.

"Kaka, tsaya. An tambayi kura?"

"An tambaye ta mi?"

"Ko ita ta ci akuyar. Kowa ya ce ita ce, amma ba wanda ya gani."

"Ke, kura ce fa."

"To don tana kura sai a ƙi jin ta bakinta?"

Har matan maƙwabta suka riƙa ce mata alƙaliya. In yara suka yi faɗa kan 'yar tsana, wurinta ake kawo ƙara. Da ta gama sakandare kuwa ba ta yi shawara da kowa ba, ta ce lauya za ta karanta a jami'ar nan ta bayan gari.

Ba ta samu ba. Yadda aka bayyana mini, gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, sai an tace an sake tacewa. Ta ci jarrabawa, amma akwai waɗanda suka fi ta ci. Sai aka ba ta Hausa. Ranar ta shigo ta faɗa kan gadona da takalmi a ƙafa tana kuka.

"Hausa fa, Kaka! Hausar da nake yi da mai manja!"

Na ce, "Au, har karanta ta ake yi? To ni mi ya hana a ba ni digiri?"

Ba ta yi dariya ba. Ta fara zuwa dai, kullum da safe ta hau kabu-kabu zuwa inda motar makaranta take tsayawa, fuska a murtuke kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Ba a jima ba sai ga ta da yamma tana wani noƙe-noƙe. Wai malaminsu ya ce kowa ya je ya nemo waƙar niƙa ko ta daka daga bakin tsofaffi, ba daga littafi ba. Na ce, "Ashe dai za a zo." Na ja mata rai sai da ta matsa mini ƙafafu, sannan na yi mata ta niƙa, wadda muke yi muna 'yan mata in dutse ya yi nauyi. Ta ajiye wayarta a kan filo tana ɗauka. Da ta sake kunna mini, na ji wata tsohuwa tana rera waƙa da murya mai daɗi, na ce, "Wannan wace ce? Ta iya."

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wannan shekarar, wallahi, ban taɓa yin irinta ba. Da an idar da isha'i ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo mini goro da turmin dakansa, ta zauna da littafinta. Tambaya take yi irin wadda ba wanda ya taɓa yi mini. Me ya sa waƙar ƙofa ta biyu ta fi ta farko sauri? Wa ya koya wa kakata? Me ya sa in na zo wurin baƙin ciki nake rage murya maimakon in ɗaga? Ni kaina ban san ina yi ba sai da ta faɗa. Abubuwan da na ɗauka sun bi kakata kabari sai ga su suna dawowa bakina ɗaya bayan ɗaya. Na fara mata ɗiyar marini tun daga tushe, ba irin gutsure-gutsuren da nake yi wa yara ba, kaɗan-kaɗan, kowane dare ƙofa guda ko rabinta. A raina na riga na gama magana: ita zan ba ƙarshen.

Ita ma ta sake. Ta daina murtuke fuska. Takan dawo tana ba ni labarin an karanta aikinta a gaban aji, ni kuwa in ce, "Aikinmu dai."

Da shekara ta ƙare sakamako ya fito, ta yi zarra a ajinsu. A nan ne na ji abin da ban sani ba. Ashe akwai wata 'yar ƙofa da ake bari: wanda ya yi fice a shekarar farko yana iya neman a canza masa kwas, in can ɗin suna da gurbi, in kuma nan ɗin sun yarda su sake shi. Sashen lauyoyi sun ce za su ɗauki 'yan kaɗan, kuma sunanta ya shiga. Sai dai za ta koma aji ɗaya, kuma karatunsu ba ya barin mutum ya riƙa zirga-zirga, sai ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai. Shugaban sashensu na Hausa bai so ba. Ya ce mata irinta suke nema, ta je ta yi tunani, ta yi shawara da manya.

Babanta ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina, ni ina ciki ina kallon bango, don haka muke magana tun yana yaro. Bayan mun gaisa, mun tambayi gajiya da iyali da aiki, ya ce, "Hajiya, maganar yarinyar nan ce. Ni ba ni da ta cewa. Ke kika riƙe ta, abin da kika ce shi za a yi."

Na ce, "Na ji."

Da ya tafi ita ma ta shigo ta zauna a ƙasa, ta dafa gwiwata.

"Kaka, in kin ce in zauna, zama zan yi. Wallahi ba zan ji haushi ba. Na fara son abin."

Na san ba ƙarya take yi ba. Kuma na san kalma ɗaya ce tsakanina da samun abin da nake so. Ba wanda zai zarge ni. Cewa za a yi tsohuwa ta ga abin da yara ba su gani ba. Na ce mata ta bari sai na kwana da maganar.

Da aka yi isha'i muka zauna kamar kullum. Mun kai inda aka kama ɗiyar marini aka kai ta gaban sarauniyar garin shuɗi, ana tuhumarta da satar zane, alhali nata ne. Na rera waƙar wurin, na faɗi hukuncin da sarauniya ta yanke, cewa za ta yi bauta har sai shuɗin hannunta ya goge. Sai na ga alƙalami ya tsaya. Ta ɗago kai, idon nan ya yi wani ƙyalli da ban gani ba duk shekarar, ko ranar da aka karanta aikinta.

"A'a, Kaka. Ina shaida? Wa ya ga ta ɗauka? Ai ita ya kamata a bari ta faɗi alamar da ke jikin zanen, in ya dace shi ke nan. Wannan hukuncin ba zai tsaya ba!"

Har ta miƙe a kan gwiwoyinta, tana nuna ni da alƙalami kamar ni ce sarauniyar. Na zuba mata ido. Yarinyar nan da take tambayar ko an ji ta bakin kura, ita ce dai, ba inda ta je. Son da take yi wa tatsuniyata gaskiya ne, amma so ne irin na wanda ya sauka gidan kirki a kan hanya.

Na ce, "Takwara, naɗe tabarmar nan. Gobe ki tahi ki ce masu kin amsa."

"Kaka, ba mu fa gama ba."

"Na ce ki tahi. Kin ishe ni da gardama, gara ki je inda ake biyan masu yin ta."

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ni ban yi kuka ba. Ba a gabanta ba dai.

Ta tare. Gidan ya yi faɗi. Yaran unguwa na yanzu in an yi isha'i suna gaban talabijin, wanda ya leƙo ma bai kai waƙar farko ya fara hamma. Ita kuwa sai ranar Asabar take zuwa, da hantsi, cikin baƙin siket da farar riga irin tasu, ta rame, ga wasu littattafai masu kaurin bulo. Kafin la'asar ta tashi, wai akwai karatun rukuni, wai wanda ya faɗi jarrabawa sallamarsa ake yi daga sashen, ba a jira. In ta ce, "Kaka, ɗan ci gaba mini mana," sai in nuna mata rana in ce, "Kin manta?" In an yi hutu kuma a tura su kotu ko ofishin wani lauya koyon aiki, ta dawo a gajiye, kafin in gama daka goro ta yi barci. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ɗiyar marini tana tsaye a gaban sarauniya, ba ta gaba ba ta baya.

Sai wata Asabar ta zo ta ce sun gama, an tura ta makarantar horon lauyoyi can kudu, tafiyar yini guda a mota, jibi za ta tashi. Rana tana tsaka. Na dubi tsakar gida fari fat, na dubi gwiwoyina da suka daina kai ni ko bakin titi. Gidanmu yanzu kwano ne, ba jinka. Na ce ta miƙo mini tsintsiyar laushi. Na zari sili ɗaya, na ƙulle shi da hannuna.

Ta zaro ido. "Kaka! Ke da kanki?"

"Rufe mani baki, lauyar banza. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," ta ce a hankali, ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata.

Na ɗauko daga gaban sarauniya. Muryata ta yi mini wani iri da rana, kamar na fita ba mayafi, amma na ci gaba. Na wuce bautar, na wuce ƙofar da ake biya da hawaye, na rera waƙarta. Ban ji gardama ba, ban ji an ce ina shaida ba. Na duba, ashe ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe kamar lokacin da aka kawo mini ita daga yaye. Saura ƙofa ɗaya. Na ɗaga hannu zan tashe ta, sai na ga yadda ƙashin wuyanta ya fito, na mai da hannun na riƙa kore mata ƙuda har aka kira la'asar.

Da ta farka ta yi ta salati tana ba ni haƙuri, ga mai kabu-kabu yana ta hon a waje. Na ce ba komai, labari ba ya tsami. Na soke silin a saman ƙofar ɗakina, da ƙullinsa.

Yana nan har yanzu. Mai yi mini shara ta taɓa kai hannu za ta cire, na daka mata tsawar da ta sa ta yar da tsintsiya. Takwara tana bugo waya, takan ce in ƙarasa mata ta nan, na ce a'a, ƙarshen nan ba a ba da shi sai ana jin numfashin juna. Ta ce da babbar salla za ta zo, kuma a ɗakina za ta kwana. Kullum in na idar da isha'i nakan maimaita ƙofar ƙarshe a raina, da waƙarta, don kada wani abu ya zube kafin ta iso. Sannan in ɗaga kai in dubi ƙullin, in ce Allah ya nuna mata hanyar gida.