Man da ya yi barci a firizata

A garin da gumi ke bin mutum har banɗaki, wai maigidana sanyin ƙanƙara ya zo karanta. Digirinsa na uku kan man dizal ne. Ya ce a ƙasashen Turawa in sanyi ya tsananta, kakin da ke cikin man yakan daskare, ya toshe matata, mota ta ƙi tashi. Shi kuma yana haɗa wani sinadari da zai hana hakan. Na ce to, Allah ya sa Turawan su gode.

Da korona ta zo aka rufe jami'a, sai ɗakin gwajin ya dawo gidanmu a Cheras, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, cikin firizata. Aka kwashe min kaji da kayan miya, aka jera kwalabe. Haushi kamar in mutu. Amma tallafin karatunsa ya kusa ƙarewa, in man nan bai daina daskarewa ba, hannu rabbana za mu koma Kano. Dole na haƙura.

Lokacin surukata tana wurinmu. Wankan jego ta zo yi min, aka rufe iyaka da ita. Hajiya ba ta iya zama haka nan, ga shi ko kedai, wato ɗan kantin ƙasan bene, ba a barinta ta sauka. Kullum tana kallon ɗanta ya buɗe firiza, ya ɗaga kwalba, ya ga man ya yi fari ya yi kauri kamar kakiɗe, ya ja tsaki.

Wata safiya ya ɗaga kwalbar sabon haɗinsa, sai ga mai garau yana motsi. Bawan Allah nan ya yi sujada a tsakiyar kicin. Ni ma sai da na yi ƙwalla, ban ɓoye ba. Ya zura rigar kirki a kan zanen barci, ya buɗe kwamfuta zai kira malaminsa.

Hajiya ta leƙo da carbi a hannu, fuskarta fal murna.

"Ya tashi ko? Ai na gaji da ganin kana tsaki. Man da ya yi barci kuma har sai an je jami'a? Da na idar da sallar asuba na tsoma shi a ruwan zafi, yadda muke wa man shanu. Bai daɗe ba ya narke, na mayar maka wurinsa."

Na tura bakin zane cikin bakina. Maigida ya dubi kwalbar, ya dubi uwarsa, ya dube ni, ni kuwa na duƙufa gyara goyon da bai kwance ba. Mutumin da ko murfin firizar na taɓa sai ya yi min wa'azi, yau ga shi gaban wadda ba ya iya ɗaga wa ido.

A hankali ya rufe kwamfutar.

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce.

"Yauwa, Allah ya yi albarka. Miƙo sauran ma, ruwan bai huce ba."