Farantin Kaka Marar Hatimi

Duk lokacin da cokali ya bugi tangaran ya yi ƙara, sai na tuna wani abokin Baba a Alƙahira, kuma ran nan raina ya ɓaci ke nan.

Muna zaune a unguwar Dokki lokacin, Baba yana aiki a ofishin jakadanci. Kaka ta zo maganin ido, ta taho da wani farantin tangaran fari mai zanen shuɗi, kifi biyu cikin ganyaye, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. A ciki take cin komai, kuma ni kaɗai ta yarda in wanke shi.

Mutumin nan, da aka tilasta mana kiransa Baffa, yana sayar da tsofaffin kaya a unguwar Abbasiya. Ga ƙamshin turare, ga doguwar tasbaha da ban taɓa ganin ya ja ba. Wata rana cikin zafin bazara ya kifa farantin Kaka, ya ɗalle shi da farce, ya taɓe baki. Ya ce na gaske sai da hatimin sarkin Sin a gindi, haruffa shida. Wannan babu ko ɗigo, ga yashi maƙale a ƙasansa, shuɗin kuma dabbare-dabbare. Har ya rantse fentin guba ne, shi ke cinye mata ido.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya, bari in jefar miki da shi," in ji shi.

Baba ya tsorata, ya miƙa masa. A madadinsa Baffa ya sayar mana da wani tulu mai sheƙi, hatimi ɓaro-ɓaro. Kaka kuwa, daga ranar sai ta riƙa tsakurar abinci ta ture.

Bayan Kaka ta koma gida, Mama ta biya da ni shagon Baffa. Ga farantin a bayan gilashi, kan karan-miski. Bai gan mu ba, yana ta yi wa wani Bature bayani cewa hatimi kowane jabu yana da shi, yashin gindi da dabbaren shuɗi su ne shaidar tsufa. Da ya waigo, ko gezau. Ya washe baki ya ce a kawo mana shayi. Mama ta ja hannuna muka fita. Baba da ya ji, ya ce a bar maganar, mutumin babba ne.

Yanzu jikokina da waya suke ɗaukar hoton gindin kwano su tambayi zamaninsa, ba su jiran wani mai tasbaha. Shi kuwa ya rasu da sunan masani, har yau tsofaffin Alƙahira suna yaba idonsa. Ido kam yana da shi. Da shi ya cuci tsohuwar da nata ke mutuwa.