Tarwaɗar Mama Nell

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Gangare, ƙasa da layin dogo a garin Tallow Creek, ya san abu biyu game da Vernell Tarpley: babu wanda ya kai ta iya suyar tarwaɗa, kuma ba a zagin Delmar Ruffin a gabanta. Na farkon baiwa ce. Na biyun kuwa kaya ne da ta ɗora wa kanta, ta yi shekara ashirin da shida tana ɗauke da shi, ko sau ɗaya ba ta ce ya yi nauyi ba.

Girki take yi a kicin ɗin makarantar firamare, a can ta san Delmar, wani siririn malamin lissafi, maraya, mai kwat guda ɗaya. Ranar da ya gaya mata yana son tsayawa takarar kujera a hukumar makarantu, sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗin? Da wannan wuyan naka kamar na zakara? Wa ya san ka?"

"Ke kin san ni, Mis Vernell."

"To zauna ka ci abinci. Ba a neman ƙuri'a da yunwa."

A wannan yanki, ranar Asabar ɗin da ke gaban Talatar zaɓe, ɗan takara sai ya ciyar da jama'a soyayyen kifi, in ba haka ba ya yi ta surutu shi kaɗai. Vernell ta kafa tukwane uku a filin coci, ta tsoma tarwaɗa a garin masara da barkono, ƙamshi ya tara wa Delmar mutanen da bakinsa ba zai taɓa tarawa ba. Ranar Talata kuma ta karɓi makullin motar coci, ta bi gida-gida tana kwasar tsofaffi zuwa wurin zaɓe. Ya ci da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya, kuma kowa ya san a motar wa suka zo.

Da za a rantsar da shi, ba shi da uwa ba shi da mata da za ta riƙe masa Littafi Mai Tsarki. Vernell ta kawo na mahaifiyarta, wani tsoho mai baƙin bango, wanda a shafinsa na farko aka jera sunayen 'yan gidan tun daga kakanni. Ta riƙe, ya ɗora hannu. Da ta koma gida ta ɗauki biro ta rubuta sunansa a ƙarƙashin na 'ya'yanta uku. Tun daga ranar ya daina ce mata Mis Vernell, ta zama Mama Nell.

Haka aka yi ta tafiya. Daga hukumar makarantu ya zama kansila, daga kansila ya zama sanata a majalisar jiha, wuyan zakara ya cika har yana ninkewa a kan kwala. Kowane zaɓe tukwane uku, motar coci, sannan Littafin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse birane, ita tana nan a gidanta mai allon kamfen ɗin Delmar a ƙofa.

Abu ɗaya mutanen Gangare suka roƙe shi, magudanar ruwa. In an yi ruwan sama mai ƙarfi, duk abin da unguwannin tudu suka zubar a ɗakunansu yake kwana. Ya yi alkawari yana kansila, ya sabunta shi yana majalisa, kuma duk lokacin da mutane suka fara gunaguni Vernell ce ke tsayawa ta ce su ƙara haƙuri, ita ta tsaya masa. Aminiyarta Ozella Boykin, wadda suke waƙa tare a coci, ba ta raga mata.

"Sista Vernell, ɗan naki ya ce yaushe? Ko sai mun fara kama tarwaɗar a falo, mu huta da zuwa kasuwa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, Ozella. Aikin gwamnati ba suyar ƙwai ba ne."

"Ƙwan ma ai da an fasa, da mun ji ƙamshi."

Matasan unguwar ba su da haƙurin iyayensu. A zaɓen da ya gabata kusan rabinsu suka juya wa Delmar baya, ya sha da ƙyar. Vernell ta ji kunya kamar ita ta yi laifin.

Bayan ƙidayar jama'a, 'yan majalisa suka zauna suka sake zana iyakokin mazaɓu, kamar yadda suke yi duk shekara goma. Sabon katin zaɓe ya zo wa Vernell ta gidan waya, ta jefa shi a aljihun tebur ba ta karanta ba. Me za ta karanta? Shekara arba'in tana jefa ƙuri'a a ɗaki ɗaya. Da Ozella ta ce ta ji ƙishin-ƙishin an taɓa taswira, Vernell ta buga wa Delmar waya.

"Haba Mama Nell, kada takardu su ɗaga miki hankali," in ji shi, yana dariya. "Ke dai ki tanadi mai da garin masara. Bana a bakin tafki za mu yi suyar, ina son mutanen can su san abin da ake kira kifi."

Bakin tafki sabuwar unguwa ce ta masu hali, a hayin layin dogo. Vernell ta ɗauki wannan a matsayin girmamawa, har sabon gyale ta saya. Ta tsaya kan tukwane tun hantsi har la'asar, mai yana fallatsa mata a hannu. Delmar ya kama hannun nan ya ɗaga a gaban baƙin fuskoki, ya ce ga uwarsa, aka yi tafi. Ya cinye kifi biyu a tsaye, ya tsotse ƙaya, ya sumbace ta a goshi. Wallahi da ya ji kunya ya kasa haɗiyewa, da an ce akwai sauran mutum a cikinsa.

Ranar Talata ta kwaso tsofaffi tara a zuwan farko. Cikinsu akwai Mista Amos Gaddy, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai shekara tamanin da takwas, wanda idonsa ya yi rauni, don haka doka ta yarda Vernell ta shiga ta karanta masa. Ta bi takardar ƙuri'ar da yatsa. Gwamna, alƙali, shugaban 'yan sanda, majalisar jiha. Sunaye biyu ne a wurin, ba ta san ko ɗaya ba. Ta juya bayan takardar. Ta goge tabarau ta sake bi.

"Vernell, ina yaron namu?" in ji Mista Amos. "Nuna mini in danna, ƙafata ta gaji."

Ta je wurin jami'ar zaɓe ta ce an ba su takardar da ba tasu ba. Matar ta duba adireshi, ta nuna mata taswirar da aka manna a bango. Jan layi ya biyo layin dogo tiryan-tiryan, bakin tafki a ciki, Gangare a waje, an haɗa ta da wasu ƙauyuka masu nisan mil talatin.

"Ai tun bara aka yi, sarauniyar kifi," in ji matar cikin wasa, sai ta ga fuskar Vernell ta daina murmushi. "Delmar Ruffin ne ma shugaban kwamitin da ya zana."

Vernell ta koma ta gaya wa Mista Amos gaskiya. Tsohon ya ce, "To ruwan fa? Ke kika ce mu jira." Ta kama hannunsa ta kai shi mota. A mota babu wanda ya yi magana, har Ozella, kuma shirun Ozella ya fi mata zagi ciwo. Duk da haka ta yi sauran zuwa huɗun, don ta riga ta ce wa mutane za ta zo.

Delmar ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye. A farkon watan Janairu, ana saura kwana uku rantsuwa, baƙar motarsa ta tsaya a ƙofar gidanta da rana tsaka. Ya tsallake taɓon da ruwan jiya ya bari, yana tattare ƙafar wando. Ta tsaya a bayan ƙofar raga, ba ta buɗe masa ba.

"Mama Nell, na san kina fushi. Siyasa ce. Da ban yi haka ba da na faɗi, in na faɗi kuma wa zai taimake ku?"

"Da ba ka faɗi ba wa ya taimake mu?"

"Za a yi magudanar, na rantse."

"Ka rantse sau bakwai, ni na riƙe maka Littafin." Ta dube shi sama da ƙasa, irin duban farko. "Ban ce kada ka tsira da kujerarka ba, Delmar. Amma ka tsaya ka ci kifina, ka ɗaga hannuna, alhali ka san ka yanke ni. Ko kare aka ba shi ƙashi yana kaɗa wutsiya da gaskiya."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, ko za ta ara masa Littafin, ko da ba za ta zo ba. Mutane sun saba ganin Littafin a hoto.

"Littafin nan ɗan Gangare ne, ranka ya daɗe Sanata. Ba ya cikin mazaɓarka."

Bayan motar ta tafi ta zauna a teburin kicin ta buɗe shafin farko. Ga sunansa nan da rubutunta, tawadar ta koɗe. Ta so ta soke shi, amma mahaifiyarta ta hore su cewa ba a goge suna a cikin wannan Littafi, komai abin da mai sunan ya yi. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba, don har yanzu tana ƙaunarsa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Sannan ta ɗauko jan biro da murfin kwalin garin masara, ta daidaita shi a kan shafin, ta ja layi miƙaƙƙe tsakanin sunan autarta da nasa.