Ranar da Saloma Ta Koma Kan Dutse

Saloma matar soja ce. Bayan rasuwar mijinta Dawuda ta koma ƙauyensu da ke kan dutse ta wajen Wasagu, tana noman dawa da ɗan kiwon awaki, har shekarar da 'yan bindiga suka tashi garin. Daga nan ta zauna a Zuru wurin 'yarta Alice, malamar kimiyya a wata sakandare, tana sayar da daddawa a ƙofar gida.

Wata rana Alice tana shirya wa ɗalibanta muhawara kan wa ya fi dacewa a tura duniyar Mars, mutum ko na'ura. Ta nuna wa uwar hotunan da wata na'ura mai tayoyi ta aiko daga can: jar ƙasa, duwatsu, babu ko tsiron ciyawa. Saloma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wurin ya yi mata kama da garin da aka gudu aka bari.

A makon ne 'yan sa-kai suka tura ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ɗauko hoton ƙauyen su Saloma. Suka ce babu kowa a ciki. Saloma ta ce na'ura ba ta jin wari, ba ta kuma san gidan kowa ba, sai ta gani da idonta. Ta ɗauki mai acaɓa ba tare da sanin Alice ba.

Da rana tsaka suka isa. Mai babur ya ce shi dai a gindin dutse zai jira. Ta hau ita kaɗai. Gidaje na nan yadda hoton ya nuna, amma babu kukan tsuntsu, babu ko ƙuda. Tsakar gidanta a share take, zanen tsintsiya ɗanye a ƙasa, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Ta taɓa tokar murhu, ta ji da ɗumi. Sai daga bayan rumbu aka kira ta da yarensu na C'lela, a hankali, da sunan da kakarta marigayiya kaɗai ke kiranta da shi. Ba ta amsa ba. Ta sauko ba ta waiwaya ba.

Da ta gama ba Alice labari, Saloma ta tambaye ta ko ana dawo da na'urar nan ta Mars gida. Alice ta ce a can ake barinta.

"To su ci gaba da tura ta," in ji Saloma. "Ita ba a san sunanta a can ba."

Da damina ta zagayo wasu suka koma ƙauyen, Yusha'u, ƙanin mijin Saloma, ya karɓi gonarta. Ya ce bai taɓa jin komai ba. Saloma tana Zuru har yau da daddawarta. Maƙwabta sun saba da halinta: in ka kira ta daga baya ba ta amsawa, sai ka zagayo ta ga fuskarka.