Tagar Gabas a Ɗakin Ya Fanna

Matso nan, ga gefen tabarma, zauna in ba ka labarin Ya Fanna mai turare. In ka taɓa zuwa biki a Azare ka koma gida ƙamshi ya kwana biyu a rigarka, da wuya in ba haɗinta ba ne. Tana goye iyayenta suka taso daga Yobe, a nan ta girma ta yi aure, amma turaren wuta da humra a wajen kakarta ta koya. Shekara ashirin da shida tana gwada kowane sabon haɗi a kasko cikin ɗakinta, ƙofa a rufe don kada ƙamshin ya tsere. Hayaƙi ya dafe bango, silin ya koma kamar gindin tukunya. Taga ɗaya ce, ta gabas, ita ma an jingina mata wadirof tun shekarar da suka tare. Ya Fanna ba ta taɓa ganin laifin ɗakin ba.

Sai ga mijinta Babakura, mai sayar da wake a kasuwa, ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa na hagu ya shanye. Sati uku yana asibiti. Ranar Lahadi likita ya ce Alhamis za a sallame shi, a sa shi inda akwai haske da iska, ban da hayaƙi ko kaɗan. Babakura ya motsa bakinsa da ya karkace, ya faɗi maganar da ta so a ce ba ta gane ba: "Kada ku mai da ni kabarin nan."

Yayansa Alhaji Kawu na tsaye. Ya ce, "Shi ke nan, Gamawa zan tafi da shi, ina da ɗaki a sarari. Ke kya riƙa zuwa duba shi ran Juma'a."

A ɗauke mata miji a kai shi jinya wani gari, ita ta zama mai zuwa dubiya? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa Laraba. Ka zo ka ga ɗakin da idonka."

Maƙwabciyarta Hajiya Juwairiyya ce ta kama mata. Suka ja wadirof zuwa tsakar gida, suka buge tagar da taɓarya kafin ta buɗe, gidajen zanzaro na zubowa. Suka sauke labulaye masu kauri, suka kwashe kwalaben humra zuwa sito. Litinin suka shafe bango da farin fenti tas.

Da safiyar Talata Ya Fanna ta leƙa, ta saki salati. Tabo ruwan ɗorawa ya fito ko'ina, kamar mai a takardar ƙosai. Man turaren da bangon ya sha ne ya huda fentin.

Juwairiyya ta riƙe haɓa. "Ƙawata, bangon nan ya fi amaren Katagum duka shan turare. Aure kawai ya rage a yi masa."

"Hajiya, don Allah bar wasa. Gobe fa Laraba."

Suka dafa ruwa, suka zuba toka da garin sabulu, suka kankare har hannuwansu suka yi kanta. Da ya sha iska suka sake shafawa, wannan karon da fenti ruwan madara. Ya Fanna ta kasa cin abinci, kowane ɗan lokaci sai ta je ta ɗora yatsa a bango ta duba. Tabon bai dawo ba. Ta rataya farin mayafinta a tagar, ta gyara gado ya fuskance ta sosai, don in maigida ya buɗe ido ya ga darbejiyar da ke waje.

Ranar Laraba Alhaji Kawu ya iso bayan Azahar. Ya tsaya a ƙofa yana kallo, ya ce, "Madalla, kamar ba shi ba." Har ta fara sauke numfashi, sai ya nuna gadon da carbi. "Amma Fanna, ƙafafunsa ina za su miƙe?"

Gabas. Ta manta sam. Garin neman haske za ta kwantar da mutum yana miƙa wa alƙibla ƙafa dare da rana.

Juwairiyya ta ce, "Abu mai sauƙi," ta fara tura gadon, kai kudu, fuska gabas.

"A'a! Tsaya!" Muryar Ya Fanna har ta tsorata kaji. Haka ake kwantar da mamaci, a kan dama, fuska gabas. Mutumin da ya kira ɗakin kabari? Suka juya kan arewa, sai suka ga dole ya kwanta kan ɓarin da ya shanye kafin ya ga taga. Suka mai da kan gadon ƙarƙashin tagar, ƙafa yamma. Wannan ba laifi, sai dai babu abin kallo sai bango.

Alhaji Kawu ya duba agogo. "Kin yi ƙoƙari, wallahi. Amma wuni yana kallon bango, ai ciwon ƙaruwa zai yi."

Ta fita tsakar gida don kada ya ga hawayenta. Nan rana ta haske mata ido daga madubin ƙofar wadirof. Ta tsaya. Sai ta ɗauko wuƙar kicin ta kwance kusoshin, ta rungumo madubin, suka ɗaga shi a bangon yamma ita da Juwairiyya.

"Alhaji, ka gafarce ni. Ko za ka kwanta a wurinsa ka gaya mana abin da kake gani?"

Dattijo ya cire hula, ya tattare babbar riga ya kwanta. "Fuskata nake gani."

Ta tuna karkataccen bakin Babakura, ba shi ya kamata ya wuni yana kallo ba. "Hajiya, ɗaga sama. Karkato kaɗan. Yanzu fa?"

Ya ƙura wa madubin ido, suna ta karkata shi. Can ya ce, "Ganye. Da wani tsuntsu." Ya tashi zaune yana neman hularsa. "A buga ƙusa. Gobe nan za mu kawo shi."

Alhamis aka shimfiɗa Babakura. Ya daɗe yana kallon darbejiya tana kaɗawa a madubi, kafaɗunsa suka saki. Sannan ya ja hanci sau biyu, ya juyo da ƙyar.

"Fanna, ɗakin wa aka kawo ni? Ban ji ƙamshinki ba."

Kaskon na sito, garwashi na murhu, maganar likita kuma na kunnenta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa gaba ta kasa baya. To, kai da ka ji labarin tun daga farko, me za ka ce mata ta yi?