Motar da Na Hana a Wanke

Wata huɗu ke nan, amma Larabar nan ta ƙi fita daga raina. Ko ɗazu da mai adaidaita ya taka birki a hanyarmu ta Zawaciki, sai da na damƙe cinyar wata mata ban sani ba. Ku ukun da aka ɗauka koyon aiki satin nan, na ji har an fara ba ku labarin a karkace, wai Nafisa ce ta yi bori a ƙarƙashin mota. To ga yadda aka yi. Na rubuta ne don in na fara faɗa da baki muryata rawa take yi.

Garejinmu na Sharada tsofaffin motoci yake gyarawa, irin waɗanda masu kuɗi ke ajiyewa don marmari. Akwai Manaja a ofis, sai Oga Sale foman, sai makanikai, sai mu. Ni da na gama sakandare na yi shekara biyu ina koyo, sannan aka ba ni juyen mai da dubawar ƙarshe. Kowace mota tana da kati. Duk wanda ya taɓa ta zai sa hannu, kuma ba ta fita ƙofa sai na sa nawa a layin ƙasa.

Motar da ake magana ta Alhaji Nura ce, fara, ta shekarun saba'in, mai giyar hannu, gadon mahaifinsa. Lafiyarta ƙalau. Sai ya zo da wata gajeriyar sandar giya mai ƙyalli da ya yi oda daga waje, wai da ɗan taɓi giya za ta shiga. Ba waɗanda suka ƙera motar ne suka yi sandar ba. Tana zuwa da wani farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a saman giyabos. Oga Sale ya ɗaura da kansa, har ya ɗan yanke ƙasan motar don ta zauna. Ni kuma na juye tsohon man giyabos ɗin, na zuba sabo, na sa hannu.

Ga wanda bai sani ba, giyabos yana da ɗan rami a sama, hanci muke ce masa. In mai ya yi zafi, ta nan iska ke fita. In aka toshe shi, iskar sai ta tura man ta duk inda ta samu roba. Kuma sai mota ta yi tafiya ta ɗau zafi take yin haka. A gareji tana tsaye ko ɗigo ba za ka gani ba.

Sau biyu Alhaji yana dawo da ita, wai tana ɓata masa dandamalin gida. Karon farko Oga ya ƙara ɗaure notinan farantin, ya sa aka wanke ƙasanta da fetur. Karo na biyu ya lafta gam a kewayen farantin, aka sake wankewa. Na ce, “Oga, anya ba farantin nan ne ya danne hancin ba?”

Ya ce, “Wa ya tambaye ki? Ina kwance giyabos ana goya ki a baya. Jeki ki ƙirga tsumma.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ba ka yi ba a ce ka cika girman kai.

Ranar Larabar, karo na uku, an wanke ta tun da safe tana sheƙi. Oga ya miƙo min kati. Na ce a bar ni in buɗe in ga man da ya rage, tunda sati uku tana zuba ba a ƙara mata ba. Ya ce ya duba da kansa, kuma Alhaji zai zo ƙarfe biyu. Na ce ba zan sa hannu ba. Manaja ya leƙo ta taga ya ce, “To ki bi Baba Yohanna ku je Challawa ku dawo. In ba ki ga komai ba, ki sa hannu ki ƙyale mu.”

Baba Yohanna direban gwajinmu ne, dattijo mutumin Filato. Muna fita ya ce, “’Yata, kin taɓo Oga yau.” Na ce, “Baba, ku ma ai kun ji warin man da take zubarwa.” Ya yi murmushi.

Da muka kusa masana'antun fata na ji wani ƙauri, na ɗauka warin jima ne. Sai wani kuka ya taso daga ƙarƙashinmu, siriri, yana ƙaruwa. Sai hayaƙi ya fara bulbulowa ta gindin sandar, daidai inda aka yanke. Baba ya ce, “Wannan kukan bai yi min ba, bari in sauka gefe.” Ya duba madubi, tirela na bayanmu.

Bai kai ga sauka ba. Na ji ƙas! Tayoyin baya suka ƙame. Motar ta juya da mu a tsakiyar kwalta, na ga gaban tirelar ta gilashin gefena. Baba na kiran Yesu, ni na kasa ƙarasa innalillahi. Bayanmu ya faɗa lambatu, tirelar ta wuce tana hon. Wallahi na ga notinan tayarta ɗaya bayan ɗaya.

Wasu mata da suka tashi daga aikin safe suka rugo suna salati. Ɗaya ta fasa ledar ruwa ta zuba min a ka. Goshin Baba ya fashe, jini har wuyan riga, amma ni yake tambaya, “Kin ji ciwo? Motsa ƙafa in gani.”

Janwe ya jawo mu gareji wajen ƙarfe biyu da rabi. Alhaji ya riga mu isowa. Ya zagaya motar sau biyu yana ɗaukar hoton inda ta lotsa, kafin ya lura da kan Baba. Aka zaunar da ni a benci. Daga nan nake jin Oga Sale yana cewa, “Ranka ya daɗe, notin juye mai ne ba a ɗaure ba. Ga kati, a duba hannun wa ke wurin. Yaran yanzu ne, sai baki.”

Manaja ya juyo ya ce, “Nafisa, ki tattara kayan aikinki ki miƙa a sito. Wannan sakacin ya isa.”

Sai na ji Oga ya ɗaga murya, “A kawo fetur da tiyo, a wanke ta mu ga ɓarnar.”

Nan ne tsoron ya koma wani abu daban. In aka wanke ta, shi ke nan, sai abin da Oga ya faɗa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kwanta a siminti na shige ƙarƙashin motar, salansa na hura min zafi a kunci, na ce, “Wanda zai wanke motar nan sai dai ya haɗa da ni.”

“Ke, fito! Kin haukace ne?”

“Eh, na haukace! Ku kuka haukata ni. Alhaji, don girman Allah ku durƙuso ku gani da idonku.”

Ban zaci zai yi ba. Ya tattare farar shaddarsa ya durƙusa, ya haska da wayarsa. Na nuna masa notin juye mai: a bushe, ƙurar hanya ta manne masa. Na sa sifana na ja da duk ƙarfina, bai motsa ba. Sannan na nuna masa sawun man, yadda ya gangaro tun daga sama da kuma ta robar baya, ya bi salansa ya ƙone. Na ce, “Ranku ya daɗe, mai ba ya hawa sama. In daga notina ya fito, wa ya kai shi can?”

Oga ya fara cewa iska ce ta watsa shi. Baba Yohanna, da tsumma a goshi, ya ce, “Sale, jinina ne a sitiyarin can, don haka ina da bakin magana. A kwance farantin nan a gabanmu. Yanzu.”

Oga ya ƙi taɓa sifana, sai wani makaniki ya kwance. Farantin ya zauna daram a kan hancin, ɗan wurin da ya rage kuma gam ya cike shi taf. Aka buɗe giyabos, man da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin da garin ƙarfe.

Na jira. Manaja ya yi gyaran murya ya ce, “To, ƙaddara ce, Allah ya tsare gaba. Kowa ya koma aiki.”

Kun ji fa. Minti goma da suka wuce, da aka ce ni ce, sunan abin sakaci, har da miƙa kayan aiki. Da ya tabbata Oga ne, ya zama ƙaddara. Wannan ita ce take ci na har yau, fiye da tirelar.

Ba a kore ni ba. An mayar wa motar sandarta ta asali. Oga Sale na nan, in na gaishe shi ya kalli bango. Babana ya ce in bar aikin in koma ɗinki, na ce masa sai dai su su bari.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ƙarfen da aka sayo don ado zai iya kashe mutum, kuma babba ya fi son mota ta dawo sau goma da ya ce wa ƙarami “kin yi gaskiya”. In mota na zuba, ku duba ta da dattinta, ku bi sawun man da yatsa har inda ya faro. Kada ku yi dariyar da na yi ranar da aka ce in je in ƙirga tsumma. Da na tsaya a kan maganata tun ran nan, da Baba Yohanna bai samu ɗinki biyar a goshi ba. Shi kaɗai ne ya zo har gida ya duba ni, alhali shi ne mai rauni. Sauran kuwa har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri, ni ma na daina jira.