Gurbin Lambar Ƙasa

Ban taɓa mantawa da ranar da shafin rajista ya faɗi a gaban mutumin amni, wato jami'in tsaron gwamnati, ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayan tafiyar kezan, wato masu mulkin Islamiyya na wancan lokaci, ku saurara, don na ga wasunku suna yin abin da ya cinye mu.

A watan Oktoba ne, gab da yankan riɗi. Ni ce mubarmija, wato mai rubuta manhaja, ta farko a wani ƙaramin ofis a bayan kasuwar Gadarif, Haruna ne mataimakina, sai mudir, shugaban ofis, a samanmu. Masu manyan gonakin Gedambaliya da Doka suka ba mu aikin manhajar da za ta riƙa rajistar leburorin da ake ɗauka. Ka'idar aikin ita ce, kafin a ɗora manhaja a intanet, sai ka gwada ta a kwamfutarka, ita ce za ta zama sirfar, wato mai amsa buƙatun shafin. A nan take ta ba mu kuskure 500. Ma'anarsa sirfar ya faɗi, kuma bai ga damar faɗin dalili ba.

Abin haushin, in muka sa sunayen gwaji sai ta tafi sumul. Da mun zuba bayanan gonaki sai ta kife. Na zargi rumbun bayanai, na zargi haruffan Larabci, har wutar lantarki na zarga. Haruna ya fi ni haƙuri. Ya kunna yanayin bincike, wanda ke sa shafi ya zazzage duk abin da ke cikinsa idan ya faɗi, ya bi saƙon kuskuren daga ƙasa zuwa sama.

"Ya Ustaza, na gan shi," in ji shi. "Lambar ƙasa ce. Manhajar ta ɗauka kowa yana da rakam watani. In ta tarar da gurbin babu komai, kalas, sai ta mutu."

Na ce ya tabbatar. Maimakon ya ƙirƙiro sunaye, sai ya yi abin da dukanmu muke yi, ya rubuta waɗanda suka zo masa a baki. Ya sa mahaifinsa Baba Idi, da kawunsa, da maƙwabtansu, da unguwarsu, ya bar gurbin lambar fayau, domin gaskiyar ke nan. A Gadarif aka haife su, amma duk zuwan da suka yi neman lambar sai a ce su kawo shaidar kakan kakansu.

Yana danna maɓalli mudir ya shigo da wani mai baƙin tabarau. A lokacin duk manhajar da ke tara sunayen mutane sai jami'in amni ya duba ta. Shafin ya faɗi, ya baje komai a allon.

"Waɗannan ajanib ne?" in ji mutumin, yana nufin baƙi 'yan wata ƙasa.

"La wallahi, sa'adatak, a'a ranka ya daɗe," Haruna ya miƙe. "Babana ne. Gwaji kawai muke yi."

"Mafi mushkila," wato babu damuwa, mutumin ya ce, ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Mudir ya kafa ido a kan takalminsa.

Gyaran layi ɗaya ne, a yarda gurbin ya zauna babu komai. Kafin la'asar mun gama, manhajar ba ta sake faɗuwa ba. A makon nan aka yi kame a wurin da leburori ke jiran lori. Da sunaye aka zo. Aka tafi da Baba Idi da kawun, waɗanda ke cikin masu jiran. Sai bayan an gama yankan riɗi aka sako tsohon, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, kuma bai ga girbin dawa ba.

Haruna ya zo bayan kwanakin ta'aziyya, ya ajiye min kwamfutar ofis a tebur, ya ce, "Ustaza, da hannuna na rubuta shi." Yanzu taya yake faci a hanyar Doka.

Abin da na koya shi ne, kwamfutarka ba ɗakinka ba ce, duk wanda ya tsaya a bayanka yana karanta ta. Shi ya sa nake muku tsawa in na ga sunan mutum mai rai a bayanan gwaji. Ku ce na cika faɗa, na yarda. Ni na tsaya a ƙofar gidan Baba Idi ranar da aka fito da gawarsa.